Gobara a tsofaffin ofisoshin gwamnati: me na'urorin zamani za su iya, me ya fi ƙarfinsu?

Duk lokacin da wani ofishin gwamnati ya kama da wuta a Najeriya, kafin hayaƙi ya lafa an fara cewa takardu aka ƙona. Haka aka yi ta faɗa bayan gobarar dogon ginin kamfanin sadarwa na NET da ke Marina a Legas a watan Janairun 1983, zamanin Shehu Shagari, haka kuma aka sake faɗa da ofishin Akanta-Janar na Tarayya a Abuja ya kama ranar 8 ga Afrilun 2020. Zargi dai aikin masu bincike ne. Amma akwai abin da ba ya buƙatar mai ƙeta: tsohon gini da tsohuwar wayar lantarki.

Me ya sa tsofaffin gine-gine suka fi saurin kamawa?

Yawancin sakatariyoyinmu an gina su ne lokacin da kayan wutan ofis ba su wuce fanka da ƙwan fitila da keken rubutu ba. Yau wannan waya ɗin dai ita ke ɗauke da na'urar sanyaya ɗaki, da firji, da kwamfutoci, da injin kwafi, ga butar dafa shayi a ƙarƙashin tebur, duk a soket guda. Robar da ta lulluɓe wayar ta bushe ta tsage, ɓera ya ci rabonsa a cikin silin. Sai a tashi aiki ranar Juma'a babu wuta, kowa ya bar abinsa a kunne, NEPA ta dawo da ƙarfi cikin dare. A sama katakon rufi ne da ya shekara arba'in yana bushewa, a ƙasa fayiloli ne jibge har saman kabad. Ba a nan kaɗai ba ne: gobarar da ta cinye Gidan Tarihi na Ƙasa a Brazil a watan Satumban 2018, mai kayan tarihi kusan miliyan 20, daga na'urar sanyaya ɗaki ta taso.

To wace na'ura ya kamata a fara saye?

Mutane da yawa za su ce ƙararrawar hayaƙi. Ni a ganina kyamarar gano zafi ce ta farko. Ƙarama ce, ana riƙe ta a hannu. Mai gyaran wuta zai haska ta a kan akwatin rarraba wuta da soket-soket lokacin da kowa ke aiki, ta nuna masa inda waya ke zafi fiye da kima tun kafin ta fara ƙauri. Guda ɗaya ta isa ma'aikata gaba ɗaya. Bayan ita sai makatsar wuta ta zamani mai datse lantarki da kanta idan ta ji waya na tartsatsi, a maimakon tsohon fis ɗin da idan ya ƙone ake ɗaure shi da guntuwar waya a ci gaba da harka.

Ba sai an farfasa bango ba kafin a saka na'urar gano hayaƙi?

A da kam sai an ja waya ɗaki-ɗaki. Yanzu akwai marasa waya, masu batir da kan kai shekara goma, a manna su a silin kawai. Kowace tana da lambarta, saboda haka allon da ke wurin maigadi zai nuna ainihin ɗakin da hayaƙi ya tashi. Ana iya saka wa allon layin waya ya tura saƙo ga jami'in gini da 'yan kwana-kwana ko da tsakar dare ne. Sharaɗi guda: dole allon ya samu batirinsa na ko-ta-kwana, in ba haka ba da an ɗauke wuta ya makance.

Ƙurar hunturu fa?

Matsala ce ta gaske. Na'urar da ke gane hayaƙi da haske tana iya ɗaukar ƙura a matsayin hayaƙi, ta yi ta ihu babu dalili. Idan ta yi haka sau uku, wani zai hau kujera ya zare batirin, shi ke nan. Maganin shi ne a riƙa share su kafin hunturu da bayansa, a ɗakin girki da ɗakin janareto kuma a saka mai jin zafi, ba mai jin hayaƙi ba.

Ruwan kashe gobara ba zai lalata takardun da ake son ceta ba?

Na'urar yayyafi da ake sawa a silin ba duka take buɗewa lokaci guda ba. Kowane kai yana da ƙaramar kwalba da ke fashewa idan zafi ya kai wajen digiri 68, don haka wanda ke saman wutar ne kaɗai zai zubo. Jiƙaƙƙen fayil ana shanya shi, toka kuwa ba ta karantuwa. Ɗakin manyan kwamfutoci da ma'ajiyar takardu masu daraja ana iya sa musu iskar gas mai kashe wuta ba tare da jiƙa komai ba, sai dai tana da tsada kuma sai ɗakin ya rufu ruf. Mafi arha a cikin duka shi ne a ɗauki hoton takardun filaye da na fansho da na albashi a adana kwafi a wani gini daban. Ko mai niyyar ƙona fayil, idan ya san akwai kwafinsa a wani wuri, ashana ta rage masa amfani.

Idan an saka duk waɗannan, an tsira?

A'a. A cocin Notre-Dame ta Paris, ranar 15 ga Afrilun 2019, na'ura ta yi aikinta, ta ba da sanarwa da wuri. Amma wanda aka tura dubawa ya je wani ɓangare daban, aka yi asarar kusan rabin awa kafin a kira 'yan kwana-kwana. A ginin Majalisar Dokokin Afirka ta Kudu a Cape Town, ranar 2 ga Janairun 2022, akwai na'urar yayyafi amma ba ta yi aiki ba.

A nan gida abin da ke kashe irin waɗannan kayan sananne ne: a ba da kwangilar saye, a yanka kyalle, a manta da kuɗin kula a kasafin shekara mai zuwa. Kafin a sa hannu a kowace kwangila, a tambaya wa zai gwada ƙararrawar kowane mako, ko maigadin dare ya iya karanta allon kuma yana da mabuɗin ɗakunan, da kuma inda motar kwana-kwana za ta ɗebi ruwa idan tankinta ya ƙare.