Intanet ta Rediyon Fakiti

Rediyon fakiti hanya ce ta aika bayanai tsakanin kwamfutoci ta iska: a yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowane yanki, wato fakiti, ya tafi ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Masu rediyo na sha'awa, wato mutanen da ke da lasisin watsa saƙo don ilimi da gwaji ba don kasuwanci ba, su ne suka raine ta. Sun kuma ɗora mata ƙa'idojin intanet na TCP/IP, ta yadda kwamfuta biyu za su yi musayar wasiƙa ko fayil ba tare da layin waya ko kamfanin sadarwa a tsakani ba.

Asali

Tushen dabarar yana jami'ar Hawaii, inda ALOHAnet, hanyar haɗa kwamfutoci ta rediyo, ta fara aiki a 1971. Masu sha'awa a Kanada suka fara gwada ta a 1978, sannan ƙungiyar TAPR ta birnin Tucson a Amurka ta yaɗa na'urar da ake kira TNC, wadda ke mai da bayanan kwamfuta sauti. A 1984 aka amince da siga ta 2.0 ta AX.25, ƙa'idar tsara fakiti a rediyon sha'awa, wadda har yau ita ce ginshiƙi. Tun 1981 Hank Magnuski ya samar wa masu rediyon sha'awa dukkan adireshin intanet da suka fara da lamba 44, sama da miliyan 16, abin da aka sani da AMPRNet. Wannan kyauta ce da ba a san darajarta ba sai daga baya: a 2019 an sayar wa Amazon kashi ɗaya cikin huɗu a kan dala miliyan 108. Phil Karn kuwa, mai lambar kira (lambar shaidar tasharsa) KA9Q, shi ya rubuta manhajar da ta sa ƙananan kwamfutoci suka iya TCP/IP ta rediyo tun tsakiyar shekarun 1980.

Yadda ake haɗawa

Kayan ba su da yawa: rediyo irin oba-oba ko na mota, eriya, kwamfuta, da modem. A da modem ɗin akwati ne na daban, wato TNC ɗin nan; yanzu manhaja irin Dire Wolf kan yi aikin da katin sautin kwamfuta. Modem na magana da kwamfuta ta ƙa'idar KISS, wadda ke barin duk wani tunani ga kwamfutar. A tsarin Linux, ana rubuta sunan tasha da lambar kira a fayil ɗin axports, a ɗaura modem da umurnin kissattach, a ba tashar adireshin IP, sannan a nuna mata ta inda saƙo zai bi. Lambar kira ita ce adireshin tasha a iska. Ta Najeriya kan fara da 5N, ana kuma iya ƙara mata lamba daga 0 zuwa 15 don bambance na'urorin mutum ɗaya.

Inda ake shan wuya shi ne gudu. A zangon mita 2, wato megahaz 144 zuwa 146, gudun da aka saba bit 1,200 ne a daƙiƙa, da sautuka biyu na haz 1,200 da 2,200. Tunda bit takwas ne bayit ɗaya, bayit 150 ke nan a daƙiƙa in komai ya tafi daidai. Hoto ɗaya mai megabayit 1 zai ci kusan awa biyu, kuma a aikace ya fi haka, don rediyon ba ya ji yana magana a lokaci guda. Gajeren zango, irin wanda gidajen rediyon waje ke amfani da shi, na cin dogon nisa amma bit 300 kawai yake bayarwa. Wani modem da ake kira G3RUH ya kai bit 9,600. Saboda haka duk saitin da ake yi tattali ne. Fakitin AX.25 kan ɗauki bayit 256, kawunan IP da TCP, wato bayanan adireshi da tsari, su cinye 40, saura 216 na saƙo. Sai a rage yawan abin da ake aikawa kafin a jira amsa, a tsawaita lokacin jira, a kuma daidaita ɗan jinkirin da ke tsakanin kunna watsawa da fara aika bayanai. In ya gajarta, farkon fakiti ya yanke. In ya yi tsawo, an ɓata iska a banza. Wanda ya ƙyale kwamfutarsa tana aika saƙonnin bayan fage yadda take yi a Wi-Fi, shi kaɗai zai toshe zangon ga kowa.

Akwai kuma matsalar tashar ɓoye. A ce tasha ɗaya tana Bodinga, ɗaya tana Kware, kowace tana jin ta tsakiya da ke cikin Sakkwato amma ba sa jin juna. Kowace za ta ɗauka iska a sake take, su yi magana tare, saƙonnin biyu su lalace a kunnen ta tsakiya.

A ƙasar Sakkwato

Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Sakkwato na taimaka wa zangon mita 2, wanda ke tafiya kusan iyakar ganin ido. Eriya biyu, kowace a tsayin mita 10, za su ji juna a tazarar kilomita 25 ko kusa da haka, abin da ya isa tsakanin birni da Wamakko. Zuwa Illela ko Birnin Kebbi kuwa sai da tashoshin maimaitawa a hanya, kuma kowane tsalle yana rage gudu sosai. Kayan na aiki da batir mai bolt 12, don haka ƙaramin sola ya wadatar. Abin kiyayewa shi ne zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu da ke rufe fuskar sola, da tsawar damina da ke bin dogon eriya.

Doka ta gindaya iyaka. Sai da lasisi ake watsawa, ba a kasuwanci, kuma ƙa'idojin rediyon sha'awa kan hana ɓoye ma'anar saƙo, abin da ya fitar da yawancin shafukan yau masu amfani da HTTPS, tsarin da ke ɓoye abin da ake aikawa. Rediyon fakiti ba zai maye gurbin datar waya ba. Amfaninsa na ranar da layi ya ɗauke ne, kamar yadda aka gani a watan Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma: gajeren rubutu, jerin magungunan da asibitin ƙauye ke buƙata, ko labarin hawan ruwan gulbin Rima, duk suna wucewa a bit 1,200 cikin 'yan daƙiƙu.