Waiwaye: Baƙon ƙudan da ke ruɓar da mangwaro, da tarkon da ke ƙirga shi

Duk wanda ya saba sayen mangwaro a Gombe ya san gargaɗin da ake yi da zarar ruwan farko ya sauka: a duba da kyau, ruwa ya taɓa shi. Sai ka zaɓi wanda fatarsa ke sheƙi, ka yanka, ka tarar cikinsa ya yi ruwa, fararen tsutsotsi na ta motsi. Laifin a kan ruwan sama ake ɗora shi, kuma ruwan yana da hannu, amma a kaikaice. Danshin damina ne ke sa ƙudan da ke haifar da tsutsar ya yawaita. Wanda ya fi ɓarna cikin ƙudajen kuwa baƙo ne, zamansa a nahiyarmu bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba.

Dama can muna da namu na gida, mai rayuwa a 'ya'yan ɗanya da wasu itatuwan daji, wanda kan leƙo lambu ya taɓa mangwaro. A shekarar 2003 ne masu bincike na cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi, suna duba tarkunan da suka rataya a gaɓar tekun Kenya, suka ga wani ƙuda da ba su san da shi a Afirka ba. A 2005 aka raɗa masa suna Bactrocera invadens, wato mai mamaya, bisa zaton sabon jinsi ne. Bayan kusan shekara goma aka tabbatar cewa tsohon ɓarawo ne daga Asiya, Bactrocera dorsalis, wanda manoman Indiya da maƙwabtansu suka daɗe da sani. Kafin a gama gardamar suna, ya riga ya ratsa nahiyar ya iso Afirka ta Yamma, ya danne na gida a wurare da yawa. Ba mangwaro kaɗai yake ci ba. Gwaiba, lemu, gwanda, yazawa, duk abincinsa ne, don haka idan kakar wani ta wuce sai ya koma kan wani.

Macen ce mai ɓarna. Tana huda fatar ɗan itace da tsinin bayanta ta zuba ƙwai a ƙarƙashi, hudar da ba ta kai bakin allura ba. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta kama ci daga ciki. Mangwaron ya nuna da wuri ya faɗo, tsutsar ta fito ta shige ƙasa, bayan kamar kwana goma ta fito da fukafukai. A yanayin zafi irin namu, wata guda ya ishe ta zagayowa. Shi ya sa mangwaro mai aure da ke jinkirin nuna har cikin damina, wanda ya fi kuɗi a kasuwa, shi ya fi shan wahala.

Ba shi ne baƙon farko ba. A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya bayyana a kan mangwaro a Togo da Gana, ya bazu a ƙasashen gaɓar teku. An shawo kansa ne da wani ɗan ƙaramin zanzaro da aka ɗauko daga Indiya aka fara saki a Togo a 1987. A cikin shekarun 1980 ɗin ne kuma wani ƙwaro mai manne wa ganye ya far wa darbejiya a yankin Tafkin Chadi, har da Borno maƙwabciyarmu, lokacin Gombe tana cikin tsohuwar Jihar Bauchi. Wani na baya-bayan nan shi ne sharon, tsutsar tumatir 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shiga Sifaniya a 2006 ta kuma ƙone gonakin Arewa a 2016, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Mai noman rani a ƙarƙashin madatsar Dadin Kowa ba ya buƙatar a ba shi labarin sharon. Abin da ya haɗa su duka, a ganina, shi ne mu asara ce ke sanar da mu zuwan baƙo. A Kenya tarko ne ya sanar.

Tarkon da kansa yana da tarihi. A 1912 wani Bature masanin ƙwari mai suna Howlett, yana aiki a Pusa ta Indiya, ya lura cewa man wata ciyawa mai ƙamshi da ake korar sauro da shi yana tara mazan wannan ƙuda. Bayan shekara uku ya gano sinadarin da ke jan su, metil yujinol. Har yau shi ake amfani da shi, kuma namiji kan biyo ƙamshinsa daga nesa mai yawa. A farkon shekarun 1960 Amurkawa suka jiƙa guntayen allo da shi haɗe da guba, suka watsa ta jirgin sama a tsibirin Rota da ke tekun Fasifik, har maza suka ƙare, jinsin ya mutu a tsibirin. Wannan nasara ce ta sa wasu ke ɗaukar tarko a matsayin magani. An manta cewa Rota teku ne ya kewaye ta. Lambun Yamaltu Deba kuwa lambun maƙwabci ne ya kewaye shi, da motocin kayan marmari masu shigowa daga kowace kusurwa.

Haɗa shi ba wuya. Gorar ruwa ta roba, a huda ta wuri uku ko huɗu kusa da wuya, a ɗaura audugar da aka jiƙa da sinadarin da ɗigon maganin ƙwari, a rataya a inuwar reshe daidai tsayin mutum ko sama kaɗan. A shafa wa wayar ratayar man giris don kada tururuwa su kwashe gawarwakin kafin a ƙirga. Ƙirgar ita ce aikin. Kowane mako a zazzage, a ƙidaya, a raba da yawan kwanaki, a rubuta. Littafin da aka cika haka shekara biyu zai gaya wa mai lambu makon da ƙuda ke tashi a wurinsa, ya san lokacin fara shiri da lokacin da ya kamata ya tsinke kayansa tun suna da ƙarfi. Na sha ganin gora cike da matattun ƙudaje, mai ita yana murna, mangwaro kuma na ruɓewa a ƙarƙashin bishiyar da aka rataye ta. Maza kaɗai ta kama. Macen da aka riga aka barbara tana nan tana aikinta, namu na gida kuma wannan ƙamshin bai dame shi ba sam.

Mace furotin take nema kafin ta yi ƙwai, don haka akwai abincin yaudara mai guba da ake ɗiga wa wani sashe na ganyen bishiya maimakon a yi mata wanka da feshi. Sai dai kafin a je ga abin saye, akwai na kyauta wanda aka fi raina wa: tsince duk abin da ya faɗo, a ɗaure a baƙar leda mai kauri a bar shi a rana, ko a binne shi da zurfi. Kowane ruɓaɓɓen mangwaro da aka bari a ƙasa gidan reno ne. Haka tulin da dillalai ke zubarwa a bayan kasuwa.

A Dadin Kowa akwai Kwalejin Tarayya ta Koyon Noman Lambu, ƙasa kuma tana da hukumar killace kayan gona mai tsaron iyakoki. Ilimin ba nisa yake da mu ba. Abin da nake son gani shi ne tarkuna na dindindin a kasuwannin kayan marmari da tashoshin da ake sauke kwanduna, da malamin gona mai zagayawa kowane mako da littafi, wanda in ya ga baƙuwar fuska a gora zai san inda zai aika ta. Masu lambun da ke jere a bakin ruwa ɗaya kuma su rataya nasu a mako ɗaya, tun mangwaro na kamar ƙwan kaza, kafin hadarin farko ya haɗu.