Mene ne ciwon damuwa, kuma ina ya rabu da baƙin ciki?

Ciwon damuwa, wanda likitoci ke kira difireshan, ya shiga bakin matasan zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase. Wanda budurwa ta juya masa baya ya ce shi ke damunsa, wanda ƙungiyar ƙwallonsa ta Asante Kotoko ta sha kashi a filin Baba Yara ma haka zai rubuta a WhatsApp. Abin da ma'aikatan lafiya ke nufi ya fi wannan nauyi. Ciwo ne da ke danne zuciyar mutum kusan kowace rana, yawancin yini, na aƙalla mako 2 a jere, har abubuwan da a da suke faranta masa rai su zama ba su da ɗanɗano, sana'a da hidimar gida su gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane kusan miliyan 280 ne ke fama da shi, kuma ya fi kama mata.

Sauran alamomin suna biyo baya. Barci ya ƙaurace, ko mutum ya farka tun kafin assalatu ya kasa komawa. Abinci ya fita a rai, wasu kuma su riƙa ci babu ƙoshi. Ga kasala, ga mantuwa, ga yawan zargin kai a kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Idan ya yi tsanani, sai mutum ya fara ganin mutuwa ta fi masa.

Baƙin ciki kowa ya san shi. Matar da ke takaba tana kuka, amma kukan yana zuwa yana tafiya. Jika ya yi wata ɓarna ta yi murmushi, a kawo tuwo ta ɗan taɓa, kwanaki na tafiya nauyin na raguwa. Mai ciwon damuwa ba ya samun wannan sararin. Ko an yi masa albishir, abin ba ya ratsa shi, wani lokaci ma babu rasuwar da za a nuna a ce ita ce sanadi.

Abin da ya sa ciwon ke ɓoye mana shi ne, a wurinmu ta jiki yake fara magana. Ɗauki misalin Hajiya mai waakye (shinkafa da wake), wadda tun ƙarfe 4 na dare take hura wuta, ta san kowane direban trotro (motar haya) da irin shiton (miyar yaji) da yake so. Sai a ga ta fara makara. Ta ba da canji ba daidai ba, ita da lissafi bai taɓa kuɓuce mata ba. Ta bar zuwa suna da biki, wayarta na ƙara tana kallonta. 'Yarta ta ce, "Mama, wai me ke damunki?" Ta ce, "Ba komai, 'yar nan. Kaina ne kamar ana hura wuta a ciki, ƙirjina kuma ya yi nauyi." Daga nan sai kantin magani. A sayi na zazzaɓin cizon sauro, a sayi na ƙarin jini, har a ɗaura mata ruwa. Gwaji ya nuna babu komai, sai maƙwabta su fara raɗe-raɗin sammu, ana kallon kishiya ko mai waakyen tsallaken titi. Gwajin ba asara ba ne, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan kawo irin wannan kasala. Amma idan an duba ba a ga komai ba, tambayar da ta rage ita ce halin da zuciya ke ciki, kuma ita ce ba a cika yi ba.

Sanadinsa ba guda ba ne. Akwai gado, akwai doguwar jinya, akwai rashi, akwai matsin rayuwa. Wanda ya yi kasuwanci a kasuwar Kejetia a ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, ya san yadda jari ke narkewa a hannu, ga mai gida na neman kuɗin hayar shekara 2 a dunƙule. Mai jego ma tana cikin haɗari: fiye da mace 1 cikin 10 na samunsa a lokacin ciki ko bayan haihuwa. An yanka rago, an watse, ita kuwa tana kuka a ɗaki ta rasa dalili, ana ce mata ta cika son jiki. A maza kuma yakan fito da faɗa da saurin fushi. Saurayi ya daina zuwa majalisar ataya, ko ya riƙa zuwa da tramadol a aljihu don ya ji ƙarfin fita aiki, ƙwayar kuwa ƙara zurfafa ramin take yi.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce a ce wa mai wannan ciwo imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Talib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Musulunci. Mai hawan jini yana addu'a yana shan ƙwayarsa, ba wanda ya zarge shi. Haƙuri da addu'a suna da gurbinsu, kuma malamin da ya san aikinsa zai yi wa mutum addu'a sannan ya ce a kai shi asibiti.

Ciwon yana jin magani. Idan bai yi nisa ba, zama da ƙwararren mai ba da shawara kan wadatar, tare da tsayar da lokacin barci, tattaki, da komawa cikin mutane sannu a hankali. Idan ya yi nisa, likita kan haɗa da ƙwaya irin su fluoxetine ko amitriptyline. Ba sa aiki nan take, sai an yi makonni ana sha, kuma a nan mutane da yawa ke yanke ƙauna su ajiye. Ba a dainawa kwatsam sai da sanin likita.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda 3 ne a Ghana: na Accra da aka buɗe a 1906, da Pantang, da Ankaful kusa da Cape Coast. Duk suna kudu, shi ya sa wasu ke zaton sai an yi doguwar tafiya. Ba haka ba ne. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitocin gunduma da dama kuma suna da nas-nas na wannan fanni. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kafa hukumar da ke kula da harkar, ta kuma tsare haƙƙin majinyaci, don haka ɗaure mara lafiya da mari a gidan mai magani ko sansanin addu'a ba abin da za a lamunta ba ne.

Har zuwa 2023, yunƙurin kashe kai laifi ne a dokar Ghana, abin da ya sa iyalai ke rufe bakinsu. A shekarar ce majalisa ta cire shi daga jerin laifuka. Yanzu idan ɗan'uwa ya fara cewa "na gaji da duniya" ko "gara ba ni", a ja shi gefe a tambaye shi kai tsaye: "Yaya, kana tunanin halaka kanka ne?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ɓera, maganin feshin gona da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar, ko a kira lambar gaggawa ta 112.