Saɓanin masoya kan shirin Game of Thrones da littattafan da ba a kammala ba

Game of Thrones shiri ne mai dogon zango da tashar HBO ta Amurka ta nuna daga 17 ga Afrilu 2011 zuwa 19 ga Mayu 2019, zango 8, kashi 73. David Benioff da D. B. Weiss ne suka jagoranci shirya shi, daga jerin littattafan A Song of Ice and Fire na George R. R. Martin. Labari ne ƙagagge na gidajen sarauta masu yaƙin neman gadon mulki a wata nahiya mai suna Westeros, da dodanni masu aman wuta, da rundunar matattu da ke tahowa daga arewa. Littafi 7 Martin ya ce zai rubuta, 5 ne suka fito. Shirin ya tarar da littattafan a hanya, ya wuce su, har ya kai ƙarshen labari alhali mai labarin bai kai ba. Daga nan saɓanin masoya ya samo asali, kuma saɓani ne da ba a saba gani ba, domin ana auna ƙarshen shirin ne da littafin da babu wanda ya taɓa karantawa.

Littattafan da jinkirinsu

Martin ya soma rubutun a 1991 da niyyar littafi 3. A Game of Thrones ya fito a 1996, A Clash of Kings a 1998, A Storm of Swords a 2000. Daga nan tafiyar ta yi nauyi. Sai a 2005 A Feast for Crows ya fito, shi ma rabin labari ne, don rubutun ya yi yawa har marubucin ya raba shi biyu bisa wuraren da mutanen labarin suke. Waɗanda suka jira shekara 5 suka buɗe littafi babu babin Jon Snow, babu na Tyrion, babu na Daenerys, uku daga cikin manyan jaruman labarin. Ɗaya rabin, A Dance with Dragons, ya fito a Yulin 2011, makonni kaɗan bayan zangon farko na shirin ya ƙare. Sauran biyun, The Winds of Winter da A Dream of Spring, su ne ake jira.

Martin ya sha kwatanta kansa da mai lambu, wanda ke shuka iri ya bi abin da ya tsiro, saɓanin magini mai zana gida kafin ya ɗora tubali. Kowane babi a littattafan ta idon mutum ɗaya ake ba da shi, mai karatu yana jin tunaninsa da tsoronsa da ƙaryar da yake yi wa kansa. Masu irin waɗannan babuka sun yi ta ƙaruwa, suka watsu a birane masu nisa da juna, haɗa kansu wuri ɗaya ya zama jan aiki.

Shekarun farko

Zango 4 na farko sun bi littattafai 3 na farko sau da ƙafa a manyan al'amura, Martin da kansa yana rubuta kashi ɗaya a kowane zango. Gyare-gyaren da aka yi, kamar ƙara wa yaran shekaru, tunda Daenerys 'yar 13 ce a farkon littafi, ba su tayar da ƙura sosai ba. Masoya suka kasu biyu: 'yan littafi, waɗanda suka san abin da ke tafe, da 'yan kallo zalla. Abin yabo a wannan lokaci shi ne yadda 'yan littafi da yawa suka riƙe bakinsu, ba su fasa ƙwai ba. A ranar 2 ga Yuni 2013 aka nuna bikin auren da a cikinsa aka yi wa Robb Stark da mahaifiyarsa Catelyn kisan gilla, abin da masu karatu suka sani tun shekarar 2000. Wasu suka ɗauki bidiyon 'yan uwansu suna ihu da kuka a gaban talabijin suka watsa a intanet. Ilimin littafi a lokacin wata daraja ce, mai shi yana gaba da kowa.

Zango na 5 da rabuwar hanya

A 2015 ne ɓaraka ta fito fili. Masu shirin suka matse littafi na 4 da na 5 a zango kusan ɗaya, suka sare rassa da dama. Tun kafin nan sun bar Lady Stoneheart, wato Catelyn da aka tayar daga mutuwa tana ɗaukar fansa, abin da Martin ya ce ya yi musu gardama a kai. Sun cire saurayin nan Young Griff mai iƙirarin shi ne Aegon ɗan Rhaegar, magajin gidan Targaryen, gidan su Daenerys. A labarin yankin Dorne babu Arianne Martell, wadda ita ce ginshiƙinsa a littafi, kuma abin da aka maye gurbinta da shi yana cikin sassan da masu kallo suka fi kushewa. An kashe dattijon jarumi Barristan Selmy, wanda ke raye a littafi.

Wanda ya fi zafi shi ne labarin Sansa Stark. A littafi, wata yarinya ce dabam, Jeyne Poole, aka aurar wa azzalumi Ramsay Bolton. Shirin ya ɗora wannan ƙaddara a kan Sansa, ya nuna fyaɗen da aka yi mata a daren aure. Ƙorafin ya wuce da'irar 'yan littafi: Claire McCaskill, wadda take Sanata a Amurka a lokacin, ta bayyana cewa ta daina kallo. Masu kare shirin sun ce littafin ya ma fi muni a wannan wuri. Masu suka suka ce batun ba yawan muni ba ne, an karya tafiyar yarinyar da ta fara koyon tsayuwa da ƙafarta ne don a girgiza mai kallo.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa da adalci ga ɓangarorin biyu. Rassan da masu shirin suka sare su ne dai rassan da suka riƙe alƙalamin Martin shekara da shekaru. Shirin talabijin da ke fita duk shekara, da 'yan wasa masu girma da tsufa, ba zai iya ɗaukar su duka ba. Amma saran ya bar giɓi. Masu karatu da yawa suna ganin da Young Griff yana nan, da Daenerys ta iso Westeros ta tarar da wani ɗan gidansu a kan gadon da take nema, jama'a na son shi, kuma hakan da ya ba fushinta na ƙarshe dalili. Hasashe ne, amma hasashe mai ƙarfi.

Bayan shirin ya wuce littafi

A farkon Janairun 2016 Martin ya sanar cewa The Winds of Winter ba zai fito kafin zango na 6 ba. Daga ranar reshe ya juye da mujiya: 'yan littafi, da suka saba riƙe sirri, su ne yanzu shirin zai tona wa labari. Wasu suka ƙaurace wa kallo don jiran littafi. Tun 2011 suke muhawara ko Jon Snow ya mutu da gaske, sai talabijin ya ba su amsa. Haka tsohon hasashen da ake yi tun shekarun 1990, cewa Jon ɗan Lyanna Stark ne da Rhaegar Targaryen, a allo aka tabbatar da shi. Wannan tambaya ta wace ce mahaifiyar Jon ita ce Martin ya gwada Benioff da Weiss da ita tun haɗuwarsu ta farko.

Martin ya faɗa musu wasu manyan abubuwa da ke tafe: ƙona yarinya Shireen, asalin sunan wani hadimi da ake kira Hodor, da wanda zai hau gadon mulki. Sauran kuwa nasu ne. Sai wata sabuwar sana'a ta buɗe a zaurukan masoya irin su Westeros.org da Reddit, ta rarrabe wane na Martin ne, wane na masu shirin. Zango na 6 ya samu karɓuwa sosai. A zango na 7, a 2017, mai kashi 7 kacal, ƙorafi ya koma kan gaggawa: tafiyar da a da take cin zango guda yanzu ana yin ta tsakanin fitowa biyu, kuma jaruman da ake so sun daina mutuwa ko da sun yi wauta, alhali dokar labarin tun farko ita ce kuskure yana da farashi.

Zango na 8 da takardar koke

Kashi 6 aka ba zangon ƙarshe. Yaƙi da rundunar matattu, wanda aka yi shekara 8 ana tsoratarwa da shi, ya ƙare a dare ɗaya, kuma masu kallo da dama sun ce duhu ya hana su ganin abin da ke faruwa. A kashi na 4 aka hango kofin kofi na zamani a kan teburin liyafa. Ranar 12 ga Mayu 2019 Daenerys ta ƙone birnin King's Landing bayan mutanensa sun miƙa wuya. A kashin ƙarshe Jon ya kashe ta, aka naɗa Bran Stark, ƙanin Sansa, sarki. Ɗaruruwan iyaye a Amurka sun riga sun raɗa wa 'ya'yansu mata Khaleesi, laƙabin Daenerys, wanda ke nuna irin matsayin da take da shi a zukata.

A shafin Change.org aka buɗe takardar koke ta neman a sake zangon da wasu marubuta, sa hannu ya haura miliyan 1 cikin kwanaki. HBO ba ta saurara ba. Sophie Turner, wadda ta fito a Sansa, ta ce koken rashin mutunta ma'aikatan da suka sha wahala ne. A wani ɓangaren alƙaluma ba su nuna faɗuwa ba: mutum miliyan 19.3 suka kalli kashin ƙarshe a darensa a Amurka, zangon ya ci Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, ta gwarzon shirin dirama, shirin kuma ya tashi da Emmy 59 gaba ɗaya.

Idan aka tace ƙorafin, mafi yawansa ba a kan inda labarin ya sauka ba ne, a kan yadda aka kai shi ne. Alamun zafin zuciyar Daenerys suna nan tun da daɗewa, amma a littafi mai karatu yana cikin kanta, yana bin canjin taki-taki, a allo kuwa kashi biyu aka ba canjin. Martin ya ce da son samu ne da shirin ya kai zango 10 ko fiye. Yarjejeniyar da Benioff da Weiss suka ƙulla a 2018 ta yin finafinan Star Wars ta sa wasu suka zarge su da ɗokin tafiya. Sun fita daga aikin a Oktoban 2019. Da aka tambayi ko ƙarshen littafi zai zama ɗaya da na shirin, Martin ya amsa da e da a'a, ya tuna wa mutane cewa akwai waɗanda suka mutu a allo suna raye a takarda, da waɗanda allon bai taɓa nunawa ba.

Fushin da ya koma kan marubucin

Matsa wa Martin lamba ya girmi shirin. Tun 2009 marubuci Neil Gaiman ya tsaya masa, ya ce sayen littafin farko bai mayar da marubuci bawan mai karatu ba. Wasu suka amsa cewa wanda ya sayar da labari a kan zai kai littafi 7 ya ɗauki alkawari. Ana yawan kawo misalin Robert Jordan, wanda ya rasu a 2007 bai kammala The Wheel of Time ba, Brandon Sanderson ya ƙarasa masa. An haifi Martin a 1948, kuma maganar shekarunsa da wasu ke yi a bainar jama'a rashin kunya ce da yawancin masoyan ma ba sa goyon baya.

A 2018 ya fitar da Fire & Blood, tarihin gidan Targaryen, wanda daga cikinsa aka shirya sabon shirin talabijin House of the Dragon a 2022. A 2022 ɗin ya ce ya rubuta kusan kashi uku cikin huɗu na The Winds of Winter. A Satumban 2024 shi da kansa ya soki masu sabon shirin saboda cire wani ƙaramin yarima mai suna Maelor, yana cewa ƙaramin canji a farko yakan haifi manya a gaba. Bayan 'yan sa'o'i aka sauke rubutun daga shafinsa.