Littattafan hotuna na tafiya sararin samaniya wajen koyar da kimiyya

Littattafan hotuna na tafiya sararin samaniya ƙananan littattafai ne da ake yi wa yara, waɗanda zane ke cinye kusan dukan shafinsu, rubutu kuwa bai wuce layi biyu ko uku ba. Malaman firamare kan yi amfani da su wajen gabatar da darussan da suka shafi duniya da wata da rana. Labaransu kan jingina ne da tseren da aka yi tsakanin Tarayyar Sobiyet da Amurka, tun daga harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, a 1957, zuwa zagayen duniya da Yuri Gagarin ya yi ranar 12 ga Afrilu, 1961, da saukar Neil Armstrong da Buzz Aldrin a kan wata ranar 20 ga Yuli, 1969. A wannan shekarar ce kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, ƙagaggen labarin wani yaro da aka tafi da shi sama, ko da yake wannan na waɗanda suka iya karatu sosai ne.

Amfanin irin wannan littafi shi ne yakan jawo tambaya daga bakin yaro. Da zarar ya ga ɗan sama jannati yana tsalle a kan wata da kaya niƙi-niƙi, zai so ya ji dalili, daga nan malami ya sami ƙofar bayyana cewa ƙarfin da wata ke jan abu da shi kusan kashi ɗaya ne cikin shida na ƙarfin duniya.

Sai dai zane yana da nasa lahani, domin mai zane dole ya cusa komai a shafi guda. Shi ya sa ake ganin wata maƙale da duniya, alhali tsakaninsu kimanin kilomita 384,400 ne. Ana gyara wannan kuskure a filin makaranta: idan aka ɗauki ƙwallon ƙafa a matsayin duniya, to wata ƙaramin lemo ne, kuma sai yaron da ke riƙe da lemon ya ja da baya kusan mita 7 kafin lissafin ya daidaita. Wani kuskuren, wanda har manya kan faɗa cikinsa, shi ne zaton cewa inuwar duniya ce ke sa wata ya zama jinjiri. Tocila da lemo a ɗaki mai duhu sun isa su nuna cewa rabin wata kullum yana shan hasken rana, abin da ke sauyawa kawai shi ne yawan abin da muke hangowa daga wannan rabin, a zagayen da ke ɗaukar kwana 29 da rabi. Inuwar duniya tana faɗa wa wata ne a lokacin husufi kaɗai, wato abin da ake ce wa rana ta kama wata.

Yaro a Tudun Wada ko Samaru yana zuwa aji da nasa sanin samaniya, ya taya duban watan azumi, ya san Zara matar wata da Kaza da 'Ya'yanta. Mafi yawan littattafan da Turanci suke, saboda haka malami kan nuna hoton ya ba da labarin da Hausa, ya faɗa wa yara cewa Zara ita ce duniyar Venus, wadda ke zagaya rana kamar tamu, kuma hasken ranar take maido mana. A nan ne kuma ake kawo labarin NigeriaSat-1, tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, wanda aka harba daga Rasha a 2003 don ɗaukar hotunan ƙasa.