Dutsen ado na gilashi mai naɗi

Dutsen ado mai naɗi shi ne wanda ake yi da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar narkar da bakin sandar gilashi a harshen wuta a nannaɗe shi a jikin tsinken ƙarfe. Idan aka zare tsinken, gurbinsa ne ke zama kafar da ake zura zare. Italiyawa suna kiran sana'ar "a lume", wato aikin fitila, domin da fitilar mai aka daɗe ana yin ta kafin zuwan gas. Ya bambanta da ƙananan duwatsun da ake samu idan an ja dogon bututun gilashi an yayyanka shi, da kuma waɗanda ake yi da dakakkiyar kwalba.

Tarihi

Naɗa narkakken gilashi a kan tsinke na daga cikin tsofaffin dabarun aikin gilashi. Ana kyautata zaton an fara duwatsun gilashi a ƙasar da ke Iraki ta yau da kuma Masar fiye da shekara 4,000 da suka wuce, amma sana'ar ba ta bunƙasa ba sai wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. An tono wuraren aikin gilashi a Amarna ta Masar, tare da guntayen sanduna masu launi. Daga baya Finikiyawa, mutanen gaɓar Lebanon ta yau, suka yi suna da duwatsu masu ɗigo a kan ɗigo kamar ido, waɗanda ake ratayawa don maganin kambun baka.

Birnin Venis na Italiya ne ya mayar da aikin babbar haja. A 1291 hukumar birnin ta umarci masu tanderun gilashi su koma tsibirin Murano, saboda tsoron gobara. Daga nan aiki ya rabu biyu: masu tanderu a Murano suna jan sanduna masu launi, masu fitila kuma suna saya su yi duwatsu, da yawansu a cikin gidajensu. Mai aiki yakan zauna gaban fitilar mai ko ta kitse, yana taka zuga-zugi da ƙafa a ƙarƙashin teburi, iskar tana bi ta siririn bututu ta ƙara wa wutar kaifi. A ƙarni na 19 gas ya maye gurbin mai, kuma mata ne suka fi yawa a wannan ɓangare. Yankin Bohemiya, a Jamhuriyar Cek ta yau, da garin Lauscha na Jamus su ma sun shahara.

Daga Venis aka yi ta lodin duwatsu zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, musamman a ƙarni na 19 da farkon na 20. Fitattu a cikinsu su ne "millefiori", ma'ana furanni dubu, waɗanda ake manna musu yankakkun sanduna masu zanen fure tun suna da zafi. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar dutsen gilashi ta Italiya da Faransa cikin jerin al'adun gado na duniya.

Masagan Bida

A Najeriya, dangin wannan aiki na kusa yana Bida, ƙasar Nufe, a hannun masaga, wato masu sana'ar gilashi na garin. Su ba sa amfani da bututun wuta. Murhun laka ne da zuga-zugi, amma naɗin iri ɗaya ne: a ɗebo gilashi da ƙarfe, a naɗa a kan wani ƙarfen, a yi duwatsu da awarwaro. A da suna dafa nasu gilashin daga yashi da kanwa, baƙi mai sheƙi da suke kira "bikini". Da kwalaben Turai suka yawaita sai suka koma narkar da su, kowace kwalba da launin da take bayarwa. Wani Bajamushe mai binciken al'adu, Leo Frobenius, ya ga aikinsu a wajen 1911. Masaga suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso. Masana ba su haɗu a kan wannan ba. A Ghana, mutanen ƙabilar Krobo suna daka kwalba su zuba a mazubin yumɓu, su tsayar da tsinken ganyen rogo a tsakiya, wuta ta cinye shi ta bar kafa.

Yadda ake yi

Mai aikin zamani yana amfani da bututun wuta mai haɗa gas da iskar oksijin, kusan irin na masu walda, sai dai a kafe yake a teburi. Tsinken ƙarfen ana tsoma shi a wani kunun farar ƙasa a bar shi ya bushe. In ba haka ba gilashi ya kama ƙarfe ke nan, sai dai a fasa. Ana shigar da sandar gilashi cikin wuta sannu-sannu, don idan aka cusa ta da sanyinta bakinta zai tarwatse. Da ta yi ja ta fara zuba kamar zuma, sai a ɗora bakin a kan tsinken ana murza shi da yatsun ɗaya hannun. Murzawar ba ta tsayawa: da hannu ya dakata, gilashin zai zubo gefe guda, dutsen ya fito da tumbi. Ana gyara siffa da ɗan allon gurafait (irin baƙin da ke cikin fensir), a yi zane da siraran zaren gilashi.

Launi daga ƙarafa yake zuwa: kobal na ba da shuɗi, jan ƙarfe na ba da kore ko shuɗi mai haske, zinariya kuwa ja ko ruwan hoda. Wasu launuka ba sa jituwa. Idan gilashi mai ruwan hauren giwa ya haɗu da mai jan ƙarfe, wani baƙin layi kan fito a mahaɗarsu, kuma masu aiki da yawa da gangan suke neman sa.

Ba kowane gilashi ake gamawa da wani ba. Kowanne yana da ma'aunin yadda yake buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi: gilashin Murano mai laushi 104 ne, mai jure zafi irin na Pyrex kuma 33. Haɗa su a dutse ɗaya tsagewa ce.

Tanderu

Dutsen da aka bari ya huce a iska, bayansa kan daskare kafin cikinsa, ya bar wani ɗauri a ciki wanda ido ba ya gani. Yana iya kwana lafiya, ya tsage bayan mako ko wata a wuyan mai shi. Shi ya sa ake sa shi, yana kan tsinkensa, cikin ƙaramin tanderun lantarki mai zafin wajen digiri 510 na ma'aunin Celsius ga gilashi mai laushi, ko wajen 565 ga mai jure zafi. Ƙaramin dutse kan yi kamar rabin awa a haka, sannan a sauke zafin a hankali cikin awanni. Wasu kan binne duwatsu cikin bargon da ke riƙe zafi. Wannan yana rage fashewar nan take, amma bai kai tanderu ba. Bayan sun huce ana jiƙa su a ruwa, a zare tsinken, a kankare ragowar ƙasar da ke cikin kafar.

Kariya

Ana sa tabarau na musamman saboda rawayan hasken da gilashi ke fitarwa a wuta, kuma ɗakin aiki yana buƙatar mafitar hayaƙi.