Garin Furotin Ba Ya Narkar da Kitse

An daɗe ana ɗauka cewa garin furotin da masu motsa jiki ke damawa su sha yana ƙone kitse da kansa, alhali abinci ne kawai, wanda galibi ake samu daga ruwan da ke saura bayan an yi cuku da madara. Kowane giram na furotin yana ɗauke da kalori 4 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki), saboda haka wanda ya ƙara shi a kan abincinsa na kullum ba tare da ya rage komai ba, ƙiba zai ƙara. Amfaninsa ga mai neman rage nauyi shi ne yana sa a daɗe ba a ji yunwa ba, kuma yana taimakawa tsoka kada ta zube yayin da aka rage ci.

Haka nan ba dole ba ne a sha shi cikin minti 30 bayan atisaye, domin jimillar furotin da jiki ya samu a yini ita ce ta fi muhimmanci wajen farfaɗowar tsoka. Ƙwai, wake, kifi da nono suna biyan wannan buƙata, sau da yawa ma da araha. Mai ciwon ƙoda kuwa ya nemi shawarar likita tukuna.